Wa Ya Ba Ɗan Damfara Rumfa a Intanet?

Duk wanda ya taɓa zama na rabin sa'a a shagon cajin waya ko rumfar mai POS a Mashi, musamman ranar kasuwa, da wuya ya tashi bai ji wannan tambayar ba: "Don Allah ɗan duba min, wannan da gaske ne?" Sai a miƙo waya. Saƙo ne ya shigo ta WhatsApp, wannan ya tura wa wancan, har ba a san wanda ya faro shi ba. Wai gwamnati ta buɗe shafin tallafin manoma, ko za a ɗauki sababbin ma'aikata a wata hukuma, ko kamfanin waya na rabon data kyauta albarkacin azumi. A ƙasan saƙon ga shuɗin rubutu, an ce a danna a cike. Mai shago ya danna, ya ga tambarin Najeriya a saman shafin, ga dawakai biyu ga gaggafa, ya ce, "To, Alhaji, da alama dai na gwamnati ne."

Abin da ke biyo baya sananne ne. A nemi suna da lambar waya, sannan BVN da NIN, sannan lambobin katin cire kuɗi, wai don a san inda za a zuba tallafin. Daga nan wata lamba ta shigo daga banki, shafin ya ce a rubuta ta. Da an rubuta, sai alat. Kuɗin waken da aka sayar, ko na ragon da aka yi wata shida ana kiwo, sun tafi kafin a gama sallama da mai shago.

Idan labari ya bazu, mutum biyu ake yi da su. A tsine wa ɓarawon, sannan a juyo kan wanda aka cuta a ce kwaɗayi ne ya ja masa, idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Amma akwai na uku da ba a ambatonsa, domin yawancinmu ba mu ma san da shi ba. Shafin nan ba a iska yake rataye ba. Kafin ɗan damfara ya kafa tarkonsa sai da ya samu adireshi, wato suna, kuma wani ne ya sayar masa da sunan, ya karɓi kuɗi, ya shigar da shi a kundi. Wane ne shi? Wa ya ba shi izinin sayarwa? Kuma idan aka zo masa da shaida cewa rumfar da ya bayar haya ta zama mahautar jama'a, me ya wajaba a kansa?

Na'urorin intanet da lambobi suke gane juna, ba da sunaye ba. Ɗan Adam kuwa ba ya iya riƙe lambobi barkatai, shi ya sa kowa ke ajiye lambar abokinsa a waya da suna. A 1983 wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Paul Mockapetris, ya tsara hanyar da ke yi wa intanet wannan aikin, ana kiranta DNS: ka rubuta suna, ita ta nemo lambar ta kai ka. A yau sunayen da ke cikin rajista a duniya sun haura miliyan 350, fiye da miliyan 150 daga ciki suna ƙarewa da .com.

Akwai wani sirri ƙarami da ya kamata kowane mai waya ya sani. Sunan shafi daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar yadda muka koya a allo. Ɗauki jamb.gov.ng. A dama can akwai ng, wato Najeriya, ita ce kaka. Sai gov, gwamnati, shi ne uba. Sai jamb, ɗan da aka haifa. Babu wanda zai samu suna a ƙarƙashin gov.ng sai hukumar gwamnati, kuma sai ta hannun hukumar NITDA. To yanzu dubi wannan, wanda na ƙirƙiro don misali kawai: jamb.gov.ng.rajistar-kyauta.xyz. Wanda ya faro karatu daga hagu zai ga jamb, ya ga gov, ya ga ng, hankalinsa ya kwanta. Wanda ya faro daga dama kuwa zai ga cewa kakar ita ce xyz, uban shi ne rajistar-kyauta, sauran duk riga ce da mai shafin ya ɗinka wa kansa, domin wanda ya mallaki suna yana da ikon jera duk abin da ya ga dama a hagunsa. Wurin da za a tsaya a faro karatun shi ne daidai gaban karkatacciyar sandar farko (/), ban da na https://, idan akwai ta; abin da ke bayanta ɗakunan cikin gida ne.

Wani tarkon ya fi wannan siriri. Bahaushe ya fi kowa sanin aikin ƙugiya a kan harafi: kasa daban, ƙasa daban, bari daban, ɓari daban. Tun da aka ba da damar rubuta sunayen shafuka da haruffan wasu harsuna, 'yan damfara suka gano cewa wasu haruffan Rashanci da na Girkanci ba su da maraba a ido da na boko. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar suna da haruffan Rashanci zalla, wanda a wasu manhajojin shiga intanet yake fitowa sak apple.com. Ya yi ne don jan kunne, wasu kamfanoni kuma suka gyara manhajojinsu, amma musanya harafi da lamba, ko ƙara harafi guda, har gobe ana yi. Kuma kada ɗan kwaɗon nan da ke fitowa kusa da adireshi ya ruɗi kowa. Ma'anarsa kawai ita ce babu mai leƙen abin da kake aikawa a kan hanya. Bai ce komai ba game da halin wanda ke karɓa a can. Takardar shaidar da ke kawo kwaɗon kyauta ake samunta yanzu, ɓarawo ma yana da tasa. Saboda wannan ruɗanin ne kamfanin Google ya cire alamar daga manhajar Chrome a 2023.

Mu koma ga wanda ya sayar da sunan. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsarin ita ce a tuna da kara. Baƙo ba ya shigo da saniya kasuwa ya sayar haka kawai. Akwai dillali da zai tsaya masa, akwai sarkin kasuwa da shugabannin kara a sama da dillali, akwai mai masaukin da baƙon ya kwana wurinsa. Dillali yana cin la'ada, amma ba don ya daidaita farashi kaɗai ba. Yana cin ta ne domin ya ɗauki lamuni. Idan bayan kwana uku aka biyo sawu aka ce saniyar ta sata ce, shi za a fara kamawa, kuma ba zai ce "ni dai ciniki na haɗa" a ƙyale shi ba.

A intanet ma jerin haka yake. Kowace wutsiyar suna tana da mai riƙe da babban kundinta: kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da na .com, ƙungiyar NiRA da ke Legas ke riƙe da na .ng. A ƙarƙashinsu akwai dillalan sunaye, irin su GoDaddy da Namecheap da takwarorinsu na gida, su ke sayar wa jama'a, wani lokaci ta hannun ƙananan 'yan kayi-nayi. Sunan haya ne, shekara-shekara ake sabuntawa. Sannan akwai mai masauki, wato kamfanin da ya ba shafin wurin zama a kwamfutarsa. Sau da yawa shi daban, dillalin suna daban, a ƙasashe daban. A saman dillalan kuma akwai ICANN.

Mutane kan zaci akwai wata gwamnatin intanet a wani wuri, ko Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke riƙe da ita. Ba haka ba ne. Shekaru da dama kusan mutum ɗaya ne ke riƙe da kundin wutsiyoyin sunaye, Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya rasu a watan Oktoban 1998. A shekarar ce aka kafa ICANN, ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, hedikwatarta a Los Angeles, tana aiki ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Kasuwancin Amurka. Ƙasashe da yawa ba su ji daɗin wannan ba, an kuwa yi ta kai ruwa rana a tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya na Janiba a 2003 da Tunis a 2005. Sai ranar 1 ga Oktoban 2016 Amurka ta janye hannunta daga kula da babban kundin. Yanzu zama ake yi na kowa da kowa, gwamnatoci da kamfanoni da injiniyoyi da ƙungiyoyin farar hula, a yi ta muhawara har a cimma matsaya. Tafiyar hawainiya ce, ba kuma za a ce muryar Afirka ta kai ta masu kuɗi ƙarfi a wurin ba. ICANN ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu. Makaminta guda ne: yarjejeniyar da dillali ko mai riƙe da kundi ya sa wa hannu kafin a ba shi lasisi.

Shekara da shekaru wannan yarjejeniyar sako-sako take. Ta wajabta wa dillali ya ajiye adireshin karɓar koke, ya kuma bincika ya amsa yadda ya dace, amma ba ta fito fili ta ce ya dakatar da ɓarnar ba. Dillali na iya karɓar koke ya ce yana dubawa, shafin na can yana yanka mutane har sati. Ranar 5 ga Afrilun 2024 gyararriyar yarjejeniya ta fara aiki. Ta ambaci abubuwa biyar da sunansu a matsayin cin zarafin tsarin sunaye: yaɗa muguwar manhaja, tafiyar da rundunar na'urorin jama'a da aka kame ba da saninsu ba, shafin bogi mai satar bayanai irin wanda muka fara da shi, karkatar da mutum zuwa shafin da ba shi ya nufa ba ko da ya rubuta adireshi daidai, da kuma watsa saƙonni buhu-buhu idan ana amfani da su wajen isar da ɗaya daga cikin huɗun can. Ta kuma ce idan dillali ya samu shaidar da za a iya aiki da ita, wajibi ne ya ɗauki matakin da ya dace ba tare da jinkiri ba. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski. Cikin 'yan watanni, a Yulin 2024, ICANN ta aika wa kamfanin ƙasar Sin da ke riƙe da wutsiyar .top takardar gargaɗin saɓa yarjejeniya, har da batun rashin kula da koke-koken da ake kai masa.

Sai dai wannan igiyar ba ta ɗaure kowa ba. Wutsiyoyin ƙasashe masu harafi biyu, irin .ng tamu da .ne ta maƙwabtanmu Nijar, ba sa ƙarƙashin waccan yarjejeniya. Kowace ƙasa ita ke tsara nata. Nan ne labarin da ya fi kowanne koyar da darasi ya faru, kuma yawancinsa a Afirka ya faru.

Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Freenom ya ƙulla yarjejeniya da wasu ƙasashe ya riƙa tafiyar da wutsiyoyinsu, yana raba sunaye kyauta: .tk ta tsibiran Tokelau, .ml ta Mali, .ga ta Gabon, .cf ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da .gq ta Ikwatoriyal Gini. Tokelau mutanenta ba su kai dubu biyu ba, ba su kai wata unguwa a Daura ba, amma wutsiyarta ta taɓa zarce ta kowace ƙasa a duniya yawan sunaye, har ta Jamus. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗan damfara da ke buƙatar suna ɗari a yau, ya yi amfani da su kwana biyu ya watsar, me ya fi masa wannan? Sunan waɗannan ƙasashe ya ɓaci a intanet har wasu kamfanoni suka riƙa toshe duk abin da ya fito daga wutsiyoyinsu, ɗan kasuwar Bamako na kirki ya sha hukuncin laifin da wani ya aikata daga wata nahiya. Ƙarshe kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya maka Freenom a kotu a Amurka. A 2023 Freenom ya daina ba da sababbin sunaye, Gabon da Mali suka karɓe wutsiyoyinsu, a farkon 2024 kuma ya sanar da barin sana'ar baki ɗaya. Masu bibiyar lamarin sun ga damfarar da ke fitowa daga waɗannan wutsiyoyi ta faɗi warwas. Ba ta mutu ba. Ƙaura ta yi zuwa sababbin wutsiyoyi masu araha da aka buɗe bayan 2012. Amma an tabbatar da abu guda: halin dillali yana ƙara ɓarna, yana kuma rage ta.

A gefen wannan labarin akwai wani abin dariya mai ban tsoro. Adireshin sojojin Amurka da .mil yake ƙarewa, na Mali da .ml. Shekaru ana mance harafi guda, wasiƙun sojojin Amurka suna ta kwarara zuwa wutsiyar Mali, har jaridar Financial Times ta fallasa batun a Yulin 2023, daidai lokacin da ragamar ke komawa hannun gwamnatin sojan Bamako. Idan jami'an Pentagon na tuntuɓe da harafi ɗaya, a rage yi wa dattijon Mashi dariya.

Namu tarihin ma ya sha gwagwarmaya. An ware wa Najeriya .ng a 1995, Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ce ke riƙe da ɓangaren gudanarwa, na'urorin kuwa a waje suke, da farko a birnin Pisa na Italiya. Aka yi shekaru ana jayayya kan wanda ya cancanci riƙewa, sai da gwamnatin Obasanjo ta shiga tsakani, aka kafa NiRA a 2005, ragama ta dawo hannunta a hukumance a 2009. Sunayen da ke ƙarƙashin .ng dubu ɗari biyu ne da 'yan kai, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200; Afirka ta Kudu tana da fiye da miliyan ɗaya a .za. Amfanin wutsiyar gida shi ne mai kundin yana nan cikin ƙasa, dokar ƙasa na hawa kansa, ana iya buga masa ƙofa.

A nan ina da ƙorafi a kan hukumominmu. Babbar garkuwar talaka ita ce ƙa'ida mai sauƙi da za a iya faɗa masa a rediyo cikin numfashi ɗaya: abin gwamnati da gov.ng yake ƙarewa, na soja da mil.ng, na manyan makarantu da edu.ng. Amma duk ranar da wani ofishi ya buɗe shirin tallafi a kan adireshin .com, ko ya raba fom ɗin Google, ko jami'i ya buga adireshin Gmail a takardar hukuma, ya huda wannan garkuwar da hannunsa. Ya koya wa jama'a cewa abin gwamnati na iya zuwa da kowace irin riga, wannan kuwa shi ne darasin da ɗan damfara ke so a haddace. A lokacin kullen korona na 2020 sai da NITDA ta riƙa fitar da gargaɗi kan shafukan bogi masu alkawarin rabon kuɗin tallafi. Gargaɗi yana da kyau, amma da gida ya tsaya kan ƙa'ida ɗaya, da aikin ya yi sauƙi.

To, me zai hana a ce duk sunan da aka kai ƙara a kashe shi nan take, a huta? Wannan ne ɓangaren da masu fushi ba sa son ji. Dillalin suna ba shi da almakashi, gatari gare shi. Ba zai iya cire shafi ɗaya ya bar saura ba. Idan ya dakatar da suna, komai da ke rataye da sunan ya mutu, shafuka da wasiƙun imel da duk wata hidima. Shi ya sa masu sana'ar ke raba abu gida biyu. Akwai sunan da tun farko don cuta aka yi rajistarsa, jiya aka haife shi, yana kwaikwayon banki, babu komai a kansa sai tarko. Wannan a sare shi ba tare da ɓata lokaci ba. Akwai kuma sunan mutanen kirki da ɓarawo ya haura katanga ya ɓoye tarkonsa a wani lungu, misali shafin wata kwaleji da ba a sabunta manhajarsa ba. Idan aka kashe wannan, ɗalibai dubbai sun rasa wurin rajista da duba sakamako, ɓarawon kuwa ya haura gidan gaba. Maganin wannan shi ne a sanar da mai shafin da mai masaukinsa, su share dattin su toshe kafar. A Fabrairun 2011 hukumomin tsaron cikin gida na Amurka, garin farautar shafukan batsa da yara, suka kame wani suna, mooo.com, wanda shafuka kusan 84,000 ke rataye da shi. Masu ƙananan sana'o'i da ba su ji ba ba su gani ba suka wayi gari da sanarwar wannan mummunan laifi manne a ƙofar shafukansu. An gyara kuskuren bayan 'yan kwanaki, amma ka tambayi wanda aka taɓa yi wa ƙazafi ko gyara na wanke shi tas.

Mu a Jihar Katsina ba sai an ba mu labarin gatari ba. A Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. Dalilin ba na wasa ba ne, rayuka ake ƙoƙarin ceta. Amma kowa ya san wanda ya sha wuyar: mai POS da sana'arsa ta tsaya, da mai mara lafiya da ya rasa yadda zai kira mota, da wanda ke son sanar da jami'an tsaro an shigo gari. Sai a Disamba aka fara maido da layukan. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta toshe Twitter, daga 5 ga Yuni har 13 ga Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta yanke cewa matakin ya saɓa doka. Gudun irin wannan ne ya sa ICANN ta taƙaita kanta ga abubuwa biyar ɗin can, ta ƙi shiga batun abin da shafi ke faɗa. Da za a bar kalmar "cin zarafi" a buɗe, gobe wani mai mulki zai kira jaridar da ta fallasa shi da wannan sunan ya nemi a shafe ta. Mun ga yadda aka yi amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen kama 'yan jarida, har sai da aka yi masa kwaskwarima a 2024. A ganina dillalin ƙwarai shi ne mai saurin sare tarkon da shaida ta tabbata a kansa, mai taurin kai kuma idan aka ce ya rufe bakin wani ba tare da umarnin kotu ba. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun bai cancanci lasisi ba.

Dokar tamu ba ta yi shiru kan ɓarayin ba. Sashe na 32 ya tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan ɗaya ko duka biyun ga mai kafa tarkon satar bayanai, sashe na 25 kuma ya haramta yin rajistar sunan wani ko na kamfani ko na hukuma da mugun nufi. Matsalar ita ce gudu. Shafin damfara yakan gama cin kasuwarsa cikin awoyi ko 'yan kwanaki, takardar bincike kuwa kafin ta tsallaka teku ta dawo an yi watanni. Ga shi tun 2018, da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, an rufe sunaye da adireshin masu rajista daga idon jama'a. Hakan ya kare mai fafutuka daga masu farautarsa, ya kuma ba ɓarawo inuwa. Har yanzu ana neman tsakiyar da za ta gamsar da ɓangarorin biyu. Kafin a same ta, hanya mafi sauri ta kashe tarko ita ce koke kai tsaye ga dillali.

A nan ne muke da rauni. Duk wancan tsarin da shaida yake motsi, mu kuwa ba ma kai ƙara. Wanda aka cuta kunya ta hana shi magana, ya ce ya bar wa Allah, ya goge saƙon, shaida ta tafi. Barin abu ga Allah bai hana a ceci na baya ba. Wanda abin ya faɗa wa, banki zai fara kira a rufe asusu da kati, tun kafin ya gaya wa kowa, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Bayan nan sai batun shafin. A ɗauki hoton fuskar wayar yadda adireshin zai fito, a kwafi cikakken adireshin, a rubuta rana da lokaci da sunan hukumar ko bankin da aka kwaikwaya. Idan aka saka sunan a lookup.icann.org, zai nuna dillalin da ya sayar da shi, da ranar da aka yi rajistarsa, da adireshin imel na karɓar koke. Ranar rajistar kaɗai takan tona asiri: hukumar da ta shekara arba'in tana aiki ba za ta zo da adireshin da aka haifa ranar Talatar da ta wuce ba. Idan dillali ya yi kunnen ƙashi, ICANN na da sashen da ke karɓar ƙarar dillalai. Idan sunan da .ng ya ƙare, NiRA ake nufa.

Ba dattijon da aka cuta ne zai yi wannan ba, kuma ba a sa ran ya yi. Aikin matasan nan ne da ake miƙo wa waya ana cewa su duba: mai caji, mai POS, mai shagon kwamfuta da ke yi wa yara rajistar jarrabawa, malamin sakandare da ke cikin rukunin WhatsApp goma. Akwai ma dalilin da ya sa babu mai yi sai su. 'Yan damfara sun fara rubuta tarkonsu da Hausa, har da sallama da addu'a da fatan alheri. Ma'aikacin da zai buɗe koken a Arizona ko Amsterdam ba ya jin ko sannu, abin da zai gani kawai shafi ne mai kore da fari da rubutun da bai fahimta ba. Sai an samu wani daga Mashi ko Dutsi ko Mai'aduwa ya haɗa masa da layi biyu na Turanci: wannan shafin yana kiran kansa hukuma kaza, ga adireshinta na gaskiya, wannan akwatin lambar katin banki yake nema, wancan kuma lambar sirri.